Ƙwaryar Aro

Duk wanda ya daɗe yana shiga Kasuwar Gombe ta layin masu nono ya san Suwaibatu, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, kuma ita kaɗai ce a cikin masu fura take ajiye kaskon garwashi a gefenta komai zafin rana. Ba girki take yi da shi ba. Wasu ƙarafa ne guda uku masu ƙota take sokawa a wutar, idan ciniki ya lafa sai ta ɗora sabuwar ƙwarya a cinya, ta zaro wanda ya yi ja, ta shiga zane. Haka ta yi shekara talatin da 'yan kai a wurin. Yara suna ce mata Goggo Suwai, sa'o'inta suna ce mata Adda.

A wata ruga ta wajen Dukku aka haife ta, a hannun mahaifiyarta ta koyi zanen. Aure ne ya kawo ta Gombe. Mijinta Babayo dillalin shanu ne, ya gina ɗaki uku a unguwar Manawashi, suka zauna lafiya har Allah Ya karɓi abinsa. Haihuwarta shida, uku suka rayu: maza biyu suna can kudu wajen neman abinci, sai autarta Bilkis da ke aikin jinya a Kumo.

Tara tsofaffin ƙorai ba da niyya ta fara shi ba. Wata rana tana dawowa daga kasuwa ta tarar da wata maƙwabciyarta ta fito da kayan surukarta da ta rasu, tana watsa su a kwarin da ke bayan unguwa. A ciki har da ƙorai huɗu masu zane, sun yi baƙi saboda daɗewa. Suwaibatu ta sauke kayanta, ta tattare zani ta gangara cikin shara ta tsinto su. Matar tana daga sama tana dariya, tana cewa, "Adda, me za ki yi da su? Ga roba ga silba a gari."

Daga nan labari ya bazu cewa akwai wata Bafulatana mai son tsofaffin ƙorai. Idan tsohuwa ta mutu a Manawashi ko Pantami, sai a aiko mata da su maimakon a sa a murhu. Wasu matan kuma ajiya suke kawowa, don sun san jikoki za su fasa. Ta share ɗakin marigayi Babayo, ta ɗaura ragaya a jikin azara, ta rataye su. Kafin wani lokaci sun haura sittin. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta taɓa rubuta komai a kansu ba, amma ko wacce ka nuna za ta gaya maka mai ita, da garin da aka zana ta, da ko hannun Fulani ne ko na Tera ko na Waja.

Wanda ya shigar da ita ƙungiya wani mai sayen furarta ne, Malam Elias. Mutumin Kaltungo ne, ya koyar da tarihi a sakandare har ya yi ritaya, yana zaune a Pantami. Shi ne sakataren wata 'yar ƙungiya da suke kira Taskar Jiya: dattawa ne da ba su kai goma ba, suna haɗuwa Asabar ɗin farkon wata a ajin wata firamare. Abin da suka mallaka shi ne tsofaffin hotuna, da wasiƙu, da kaset-kaset na hirar da suka yi da tsofaffi, duk a cikin kwalaye a ƙarƙashin gadon Malam Elias. Ranar da ya fara shiga ɗakin ƙoran Suwaibatu, ya daɗe a tsaye yana kallo. Can ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Adda, mu muna ta neman tarihi a takarda, ashe ga shi nan a rataye."

Ta zama mace ɗaya tilo a cikinsu. Takan zauna a bencin baya, ba ta cika sa baki ba, amma ba ta taɓa fashi ba.

Damuwarsu ɗaya ce, wurin ajiya. Ruwa ya taɓa shiga gidan Malam Elias ya lalata kwali guda, ita kuma kullum cikin yaƙi take da gara. Mai unguwa ya ba su wani ɗan fili a kusurwar makarantar, sai dai babu abin ginawa. Sai shugabansu, Malam Sallau, ya kawo ɗan ƙanensa Abdulgafar, wani matashi mai shirya bukukuwa, don ya tsara musu gidauniya.

Abdulgafar ba mugun mutum ba ne, yana da kuzari da zaƙin baki. Ya ce musu, "Baffa, ku yi haƙuri, amma ba a tara kuɗi da lacca. Mutane nishaɗi suke so. A kawo masu rawar Tera da na Tangale, a kawo 'yan makaranta, a baje kayan nan a gani. Sannan a yi gwanjon ƙoran Goggo."

Suwaibatu ta ɗago kai. "Gwanjo? Sayarwa ke nan?"

"A'a, Goggo, na ganin ido ne. Babban mutum zai ɗaga ƙwarya ya ce ya saya, a tafa masa, a ɗauke shi hoto, ya ba da abin da zai bayar, ya bar wa ƙungiya kayanta. Haka ake yi ko'ina."

Ta dubi Malam Elias, ya gyaɗa mata kai. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: waɗanda aka ba ta kyauta kaɗai za a taɓa, na ajiya da na aro a tebur daban za a sa su, kallo kawai. Kowa ya amince.

Akwai ƙwarya ɗaya da Suwaibatu ta daɗe tana so jama'a su gani, kuma ba a ɗakinta take ba. Ta Saudatu ce. Saudatu Batera ce daga wajen Deba, ta girme ta da kusan shekara goma, kuma ita ce mai daddawar da ke zama kusa da ita a kasuwa tun suna da goyo. Tare suka yi zaman makokin mazajensu. Shekara biyu kafin wannan lokaci ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Saudatu a gidan ɗanta a Pantami, idonta ma ya yi rauni. Ƙwaryar kuwa mahaifiyarta ce ta zana mata ita da za a kai ta ɗakin miji. Babba ce, baƙa wuluk, gyartai ya ɗinke ta a wuri biyu, zanenta ƙanana ne a jere kamar saƙa. Suwaibatu ba ta taɓa ganin hannu irin wannan ba.

Da Suwaibatu ta je roƙon aro, Saudatu ba ta amince nan take ba.

"'Yar Fulani," ta ce, don haka take kiranta, "kin san bayan Sallah za a yi bikin jikata Ikhlas. A cikin kayanta nake so a sa ta. Ba ni da gona, ba ni da zinari, ita ke nan."

"Yaya Saude, wuni ɗaya ne. Da hannuna zan ɗauka, da hannuna zan dawo da ita kafin Magariba."

"To. Don ke ce."

Ranar taron ta faɗo a tsakiyar bazara. Tun da hantsi aka kafa rumfuna a filin makarantar, aka jera kujerun roba, janareta yana ta ruri. Suwaibatu ta zo da ƙoranta a Keke Napep sawu uku, ta Saudatu kuma a cinyarta, naɗe da sabon zani. Ta jera na kyauta a teburin dama, na ajiya da na aro a teburin hagu, ta kamo hannun Abdulgafar ta nuna masa. Ya ce, "Na gane, Goggo, kada ki damu."

Manyan baƙi ba su iso ba sai bayan Azahar. Kafin nan an zaunar da ita a bayan rumfuna, ƙarƙashin wata dalbejiya, da kaskonta da ƙarafanta, tana nuna wa 'yan mata 'yan makaranta yadda ake zane. Sun kewaye ta suna ta tambaya, wata ta roƙa a bar ta ta gwada, ta ƙona yatsa, aka yi ta dariya. Daga baya Suwaibatu ta gaya wa Bilkis cewa rabon da ta ji daɗi irin na wannan sa'ar tun Babayo yana da rai.

Ba ta san cewa da motoci suka fara shigowa an rasa teburin ɗora ruwa da lemo ba. Masu hidima suka kwashe abin da ke teburin hagu suka haɗe da na dama.

Babban mai ƙaddamarwa, wani Alhaji ɗan kwangila, bai zo ba, wakili ya turo. Aka yi rawa, aka yi jawabai, sannan aka shiga gwanjo. Daga inda take tana jin muryar Abdulgafar a lasifika yana ta zuga, ana tafi. Ba ta tashi ba, tunda an ce mata na ganin ido ne. Sai da ta ji yana cewa, "Ga uwar ƙorai! Baƙa, mai ɗinki biyu, ta girmi duk wanda ke filin nan!" sannan ta gane ta Saudatu ce. Ta ture kasko ta miƙe. Amma tsakaninta da rumfar manya akwai ɗaruruwan mutane da 'yan sintiri masu sanduna, kuma ita tsohuwa ce mai ƙaurin hayaƙi a jiki. Wani ya tare ta ya ce, "Iya, koma baya, ba a shiga nan."

Baƙi da dama sun yi kamar yadda aka faɗa, sun mayar da abin da suka ɗaga. Wakilin Alhaji kuwa ya sayi goma sha ɗaya a madadin maigidansa, kuma babu wanda ya gaya masa al'adar barin kaya, ko kuma an gaya masa bai ji ba. Yana gama jawabi ya sa direba ya kwashe su zuwa bayan mota. Malam Sallau yana kallo, ya kasa buɗe baki, don gudummawar mutumin ta fi ta kowa. Kafin Suwaibatu ta kutsa ta isa teburin, motar ta fita ƙofa.

Ta dudduba. Huɗu daga cikin sha ɗayan na aro ne, har da ta Saudatu.

Malam Elias ya same ta a tsaye riƙe da zanin da ta naɗo ƙwaryar. Ya ce, "Adda, laifina ne, da na tsaya a wurin. Gobe da safe za mu je mu karɓo."

Ba ta je Pantami ranar ba. Ta aika a ce wa Saudatu an tashi a makare.

Sau huɗu suna zuwa gidan Alhajin, ita da Malam Elias. Zuwan farko maigadi ya ce ba ya gari. Na biyu aka bar su a benci a bakin get daga hantsi har La'asar. Na uku wakilin ya fito, ya saurare su yana latsa waya, ya ce ai sayen kayan aka yi a gaban jama'a, amma zai duba. A na huɗu ne matar gidan ta ji labari ta sa aka shigo da Suwaibatu. Mace ce mai kirki, ta ba ta ruwa, ta sa aka bincika sito. Aka fito da bakwai, biyu sun tsage don an ɗora musu buhu. Huɗun nan na aro duk ba sa ciki, har da baƙar.

"Wallahi Goggo, ki yi haƙuri," in ji matar. "Alhaji ya yi baƙi daga Legas a makon nan, ya ba su tsaraba. Ban san ma su waye ba. Ko a biya mai ita?"

Suwaibatu ta girgiza kai. Ta ɗaure bakwai ɗin a zani, ta yi godiya, ta fito.

Kwana goma ba ta je kasuwa ba, ba ta je Pantami ba. Sau biyu Saudatu tana aiko jikarta, Suwaibatu tana cewa a gaya mata tana nan tafe. Abin da take yi a gida shi ne, ta nemo ƙwarya mai girman waccan, ta zauna a tsakar gida tana zana ta daga abin da ke kanta. Ta san zanen kamar tafin hannunta, shekara talatin tana kallonsa. Idonta yana ruwa saboda hayaƙi, ta ci gaba. Da ta gama ta shafe ta da man shanu, ta rataye a saman murhu don ta yi baƙi. Har tsaga ta ta yi da gangan a wuri biyu, ta kai wa gyartai ya ɗinke.

Bilkis ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da ita a kan wannan aiki.

"Inna, cewa za ki yi ita ce?"

"Ban sani ba."

"Ki gaya mata gaskiya. Ba ke kika sayar ba."

"Ni na ɗauko ta daga ɗakinta," in ji Suwaibatu.

Suwaibatu ta isa gidan ɗan Saudatu da yamma. Saudatu tana kwance a tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, an jingina ta da matashi. Suka gaisa. Suwaibatu ta kwance zani ta ɗora mata ƙwaryar a cinya, ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Saudatu ta sa hannunta mai lafiya tana shafawa a hankali, daga baki zuwa gindi, ta tsaya a kan ɗinkin, ta koma kan zanen. Ta daɗe.

"Wannan hannunki ne, 'yar Fulani."

Suwaibatu ta sunkuyar da kai.

"Innata bahaguwa ce. Layukanta duk hagu suke kwanciya. Naki dama suka yi." Ta ɗan numfasa. "Ina tawa?"

Nan Suwaibatu ta faɗi komai, tun daga tebur har zuwa baƙin Legas, tana yi hawaye yana zuba. Saudatu ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kin sha wahala a kan wannan. Ta yi kyau. Ajiye ta can." Sannan ta juya fuska wajen bango ta ce barci take ji.

An yi bikin Ikhlas bayan Sallah, Suwaibatu ta je, ta kai gudummawarta. Ba ta tambaya ko an sa ƙwaryar a kayan amarya ba, ba a kuma gaya mata ba. Ta ci gaba da zuwa gaida Saudatu duk Juma'a da fura a kwano. Ana karɓarta da mutunci, ana amsa gaisuwa, amma hirar da ta saba kai su har kiran sallah ta koma ta minti biyar. Saudatu ba ta sake ce mata 'yar Fulani ba, Suwaibatu take cewa. Da damina ta yi tsakiya Allah Ya yi mata rasuwa.

Bayan sadakar bakwai, Suwaibatu ta sauko da duk ƙoran ajiya daga ragaya, ta bi gida-gida tana mayarwa. Wasu suka ce ta riƙe, su ba su da inda za su sa. Ta ce a'a, ita ta daina riƙon kayan mutane. Masu sauran ukun da suka tafi Legas ta je ta durƙusa musu. Biyu suka yafe nan take, ɗaya ta ce ta ma manta da ita.

Ɗakin ajiyar ƙungiya kuwa an gina shi. Abin da aka samu a gidauniyar ya isa har rufi da ƙofar ƙarfe, aka rubuta sunan ƙungiya a bango da shuɗin fenti. Abdulgafar ya zo gida ya ba ta haƙuri, da gaske yake, idonsa ya yi ja. Ta ce ya wuce. Malam Elias ya zo ya roƙe ta ta kai abin da ya rage, ta kai guda ashirin da bakwai, nata na kanta. Suka shirya cewa duk Alhamis za su zauna a ɗakin, tana faɗa yana rubutawa, sunan mai kowace ƙwarya da garinta, don a liƙa a ƙasanta. Sun yi ƙwarya sha huɗu ciwon suga ya ci ƙarfinsa, 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi Kaltungo.

Ta ci gaba da zuwa ita kaɗai na wasu watanni. Takan karɓi makulli a wajen maigadin makaranta, ta share, ta duba gara, ta zauna a bakin ƙofa. Wani lokaci malami yakan shigo da 'yan ajinsa, su zagaya cikin minti goma su fita. Yawancin Alhamis babu mai zuwa. Ƙungiyar tana nan, duk shekara tana yin taron rawa a filin, kuma ana cika. Ana aiko mata da katin gayyata, ba ta sake zuwa ba.

Bara gwiwoyinta suka ƙi, idon ma ya kai ga ba ta bambance bakin ƙarfe da inuwarsa. Ta bar kasuwa. Bilkis ta zo da mota ta ce ba za ta sake barin ta ita kaɗai a Manawashi ba, aka sa 'yan haya a gidan, aka tafi da ita Kumo. Can take yanzu, a ɗaki ɗaya da jikokinta, ba abin da ta rasa na ci da sha.

Malam Elias yakan kira wayar Bilkis jefi-jefi. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Kwanan baya ya ce idan ya ji sauƙi zai zo da littafinsa su ƙarasa sauran sha ukun, ko ta waya ce ma sai su yi. Suwaibatu ta ce ta waya ba zai yiwu ba, sai ta riƙe ƙwarya a hannu sunan mai ita yake zuwa mata. Ya ce to, sai ya zo su je Gombe tare. Ta ce Allah Ya kawo shi lafiya, ta miƙa wa Bilkis wayar.